Kwana biyar a Marfa: kallon fim a tsakiyar hamadar Teksas

Daga Houston, inda nake zaune, zuwa garin Marfa tafiya ce ta kusan kilomita 960, wato kamar mutum ya tashi daga Kano ya nufi Legas, sai dai duk wannan nisan a cikin jiha ɗaya yake, jihar Teksas ta Amurka. Mun bar gida bayan sallar asuba, ni da wani abokina mutumin Agadas da muke haɗuwa a masallacin Juma'a, wanda shi ne ya fara ba ni labarin cewa akwai wani ɗan ƙaramin gari can kusa da iyakar Meksiko da ake yin bikin nuna finafinai a cikinsa. Da farko ban ga dalilin da zai sa mutum ya ƙona mai na yini guda don ya je ya kalli abin da zai iya kallo a wayarsa yana kwance a ɗaki ba. Abin da ya ce mini shi ne: "Malam, ka zo mu je kawai. Gani ya kori ji."

Bayan mun wuce San Antonio sai itatuwa suka fara gajarta, garuruwa suka fara nisa da juna, har ta kai mutum yana yin tafiyar sa'a guda bai ga gidan mai ba. A Fort Stockton muka sauka daga babbar hanya muka yi kudu maso yamma zuwa Alpine, daga nan kuma sauran tafiyar ba ta kai ta rabin sa'a ba. Ni ina ta kiran wurin hamada, domin haka taswira ta kira shi, hamadar Chihuahua, amma abokina bai yarda ba. Ya dubi ciyawar da ta shimfiɗu har gindin duwatsu, da shanun da ke tsaye jefi-jefi kusa da famfunan da iska ke juyawa suna jawo ruwa daga ƙasa, ya ce a wurinsu wannan dajin makiyaya ne, irin wanda ake ratsawa tsakanin Tawa da Agadas bayan an yi ruwan farko. Gaskiyarsa ne, domin babu tudun rairayi ko ɗaya. Fili ne mai faɗin gaske a kan tudu, kimanin mita 1,400 sama da teku, kuma wannan tsayin ne ya sa ko a watan Yuli, lokacin da Houston ke tafasa, dare a Marfa yana zuwa da sanyi har sai mutum ya nemi abin rufa.

Garin kansa bai kai wata unguwar Kano ba. Mutanensa ba su cika dubu biyu ba. An kafa shi ne a farkon shekarun 1880 a matsayin wurin da jirgin ƙasa ke tsayawa ya sha ruwa, kuma har yau layin dogo ne ya ratsa tsakiyarsa, jiragen kaya masu tsawo suna wucewa dare da rana ba tare da sun tsaya ba. Akwai babban titi ɗaya mai faɗi da ya miƙe har ƙofar ginin kotun gunduma da aka gina a 1886, akwai tankin ruwa mai tsayi da aka rubuta sunan garin a jikinsa, sai wata fitilar hanya guda da ke ƙyaftawa a mahaɗar tituna. A kan wannan babban titin na ga wani tsohon gidan sinima da aka daina amfani da shi, an rubuta Palace a goshinsa, sai na tsaya ina kallonsa, domin mu ma a Kano mun yi sinima mai wannan sunan a cikin birni, wadda iyayenmu suke ba da labarinta.

An fara bikin finafinan Marfa a 2008, kuma tun farkonsa masu shirya shi suka ɗauki wata hanya da ta bambanta da ta manyan bukukuwan duniya. Ba a yin gasa, babu alƙalai, babu wanda zai koma gida da kambu. Sannan ba a nuna finafinai biyu a lokaci ɗaya. A manyan bukukuwa mutum yakan riƙe jadawali mai shafuka da yawa yana lissafin wanda zai gani da wanda zai bari, yana gudu daga wannan zaure zuwa wancan, kuma da yamma idan ya haɗu da wani sai ya tarar kowa abin da ya kalla daban. A Marfa kuwa fim ɗaya ake sakawa, kowa ya shiga ya gani, a fito tare, a huta, a sake komawa tare. Da na karanta wannan tsarin kafin mu taso, na ɗauka ƙarancin wuri ne kawai ya tilasta musu, tunda garin ba shi da zaure da yawa. Sai da na yi kwana biyu a ciki na gane cewa wannan tsarin shi ne bikin gaba ɗayansa.

Zauren da aka fi yin nunin rana a cikinsa shi ne Crowley, wanda a da shagon sayar da abincin dabbobi ne kafin a mai da shi gidan wasa. Ba shi da ƙawa, kujeru ne da allo da duhu. A rana ta farko na zauna kusa da wani dattijo mai faffaɗar hula irin ta makiyayan yankin, wanda ya cire ta ya ɗora a gwiwa da aka kashe fitila. A ɗaya gefen kuma wata budurwa ce da ta zo daga Los Angeles, wadda daga baya na gane cewa ita ce ta shirya ɗaya daga cikin gajerun finafinan da za a nuna a ranar. Babu wani layi na musamman da aka keɓe wa manyan baƙi. Da fim ɗinta ya ƙare aka kunna fitila, sai ta tashi daga nan kusa da ni ta je gaba ta tsaya, hannunta yana ɗan rawa, aka fara yi mata tambayoyi. Dattijon nan ne ya yi tambaya ta biyu, kuma ba a kan kyamara ko salon ɗauka ya yi ta ba. Cewa ya yi a wani wuri a fim ɗin an nuna mutum yana buɗe ƙofar shingen gona ya wuce bai rufe ba, shin da gangan ta yi haka, domin a nan duk wanda ya bar ƙofar shinge a buɗe an san ko dai baƙo ne ko kuma hankalinsa ba a kwance yake ba. Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce da gangan ne, kuma a duk wuraren da ta nuna fim ɗin shi ne mutum na farko da ya lura.

Wannan tambayar ta zauna mini a rai, domin ni ma na kalli fim ɗin, idona biyu, amma ban ga ƙofar ba. Na saba da irin kallon da muke yi yanzu, wanda ido yake kan allo, hannu yana kan waya, kunne kuma yana jiran a kira. Shekaru da yawa ke nan ban kalli fim daga farko har ƙarshe ba tare da na tsayar da shi ko na tura shi gaba ba. A Marfa babu wannan damar. Ka riga ka yi tafiyar yini guda, sabis ɗin waya yana zuwa yana ɗaukewa, babu wani wurin da za ka je da ya fi inda kake, kuma ka san cewa da an fito duk wanda ka haɗu da shi a bakin titi ko a layin sayen abinci abin da ka gani shi ma ya gani, zai kuma tambaye ka ra'ayinka. Saboda haka dole ka nutsu. A kwana na uku na lura cewa na fara ganin abubuwan da a da suke wuce ni: inda inuwa ta faɗi a fuskar mutum, tsawon shirun da ke tsakanin tambaya da amsa, abin da aka ajiye a kan tebur a bayan mai magana.

Ba duk finafinan ne suka burge ni ba, kuma ba zan ɓoye hakan ba. Akwai waɗanda na ga masu su sun fi damuwa da a ce sun iya da su isar da wani abu, akwai kuma guda biyu da na fita daga zauren saboda abin da ake nunawa bai dace da tarbiyyata ba, na zauna a inuwa har aka gama. Amma akwai wani fim na gaskiya, ba na wasan kwaikwayo ba, a kan wani tsoho mai gyaran famfunan rijiyoyin makiyaya, wanda kusan rabinsa babu magana, sai ƙarar ƙarfe da iska da numfashin mutum yana hawa tsani. Abokina ya kalle shi bai motsa ba. Da muka fito ya ce mini kakansa mai haƙar rijiya ne, kuma bai taɓa tsammanin zai zo Amurka ya ga an ba irin wannan aikin sa'a guda cur a kan allo, mutane kuma suna zaune suna kallo da girmamawa ba. Ya ce: "Ɗan'uwa, ashe aikin kakana ma labari ne." Daga nan har muka isa masauki bai ƙara cewa komai ba.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne nunin dare, wanda ake yi a fili. Tun bikin farko aka san shi da wannan, domin a 2008 an buɗe shi ne da nuna There Will Be Blood a wata gonar kiwo da ke wajen gari, a daidai wurin da aka ɗauki fim ɗin shekara biyu kafin nan. A daren da nake magana a kai, hadari ya haɗu tun la'asar, kamar yadda yake yi a yankin a watannin Yuli da Agusta, aka yi ruwa mai ƙarfi na ɗan lokaci, sannan gari ya washe. Ƙasa ta tashi da wani ƙamshi mai kaifi da ke fitowa daga wani ɗan tsiron daji da ya cika wurin, ba irin ƙamshin ruwan farko na gida ba, amma yana tayar da abu ɗaya a zuciya. Muka yi magariba da isha a gefen mota, a kan dardumar da muka zo da ita, babu wanda ya dame mu, sai wani yaro da ya tsaya daga nesa yana kallo har muka sallame. Sannan muka ɗauki barguna muka shiga cikin jama'a. Wasu sun zo da kujerun naɗewa, wasu sun juyo da bayan motocinsu na akori-kura sun zauna a ciki da 'ya'yansu. Can nesa, wajen duwatsu, walƙiya tana ci gaba da haskawa ba tare da ana jin tsawa ba, a samanmu kuma taurari sun fito da yawan da ban taɓa gani ba tun ina yaro a ƙauyen kakannina. Ba banza ba aka gina babbar cibiyar nazarin taurari ta McDonald a duwatsun da ke arewa da garin.

Da hasken na'ura ya ratsa duhu ya faɗa kan allo, ƙwari suna shawagi a cikinsa, sai na ji kamar an ɗauke ni an mai da ni Fage. Wanda bai kai shekaruna ba zai yi mamakin jin cewa gidajen sinimar Kano da muka sani, irin su Plaza da Orion da Eldorado, ba su da rufi a kan mafi yawan kujerunsu. Katanga ce mai tsayi da babban allo, sama kuma a buɗe, shi ya sa ba a fara nuni sai duhu ya yi. Kafin su ma akwai majigi, motar gwamnati da ke zuwa ƙofar fada ko filin makaranta ta kafa farin ƙyalle, gari ya fito gaba ɗaya. Na tuna yadda muke satar jiki mu tafi, domin a gidanmu, kamar gidaje da yawa, zuwa sinima ba abin da ɗan mutunci zai yi ba ne, kuma iyayenmu suna da hujjarsu, tunda ba kallo kaɗai ake yi a can ba. Amma na tuna kuma yadda ɗaruruwan mutane suke yin ajiyar zuciya a lokaci ɗaya, yadda ake yi wa jarumi ihu a gargaɗe shi cewa mugu yana bayansa, yadda washegari a makaranta wanda ya je zai zauna ya ba waɗanda ba su je ba labarin fim ɗin daga farko har ƙarshe, har da waƙoƙin. Yau a ƙasar Hausa ana shirya finafinai fiye da kowane lokaci a tarihi, kuma ana kallonsu fiye da kowane lokaci, amma kowa shi kaɗai, da abin sauraro a kunne. A filin nan na Marfa, da aka zo wani wuri mai ban tausayi, na ji wata mata a bayana ta ja numfashi, na ji wani ya ce "a'a" a hankali, sai na gane cewa wannan sautin ne na yi shekaru ina kewa ban sani ba.

Dalilin da ya sa gari irin wannan ya zama matattarar masu fasaha yana komawa ga mutum ɗaya, Donald Judd, wani mai fasahar ƙira ɗan Amurka, wanda ya gaji da cunkoson New York da yadda gidajen baje koli suke rataya aiki na wata biyu su sauke, ya fara zuwa Marfa a farkon shekarun 1970. A 1979, da taimakon gidauniyar Dia mai tallafa wa masu fasaha, aka sayi tsohon barikin soja na Fort D. A. Russell da ke gefen gari, wanda ya zama gidan baje kolin fasaha na gidauniyar Chinati da aka buɗe a 1986. Ra'ayinsa shi ne a ajiye aiki a wuri ɗaya har abada, a wurin da aka yi shi dominsa. Ya rasu a 1994, amma abin da ya ajiye yana nan inda ya bar shi. Mun je da safe kafin a fara nunin ranar. A cikin wasu manyan rumfuna biyu da a da ake ajiye manyan bindigogi, ya jera akwatunan alminiyam guda 100, 52 a ɗaya, 48 a ɗayar. Daga waje girmansu ɗaya ne, ba su bambanta ko da ɗan yatsa ba, amma cikin kowanne daban yake: wani an raba shi biyu, wani an karkata allon da ke cikinsa, wani an bar gefensa a buɗe. Ya cire ƙofofin rumfunan ya sa gilashi daga sama har ƙasa, don haka hasken rana ne kaɗai yake aiki a kansu. A jikin bango kuma har yanzu akwai rubutun Jamusanci da ya rage tun lokacin da aka tsare fursunonin yaƙi na Jamus a barikin, a Yaƙin Duniya na Biyu.

Na shiga da shakka, domin ban taso da irin wannan fasahar ba, kuma a idona na farko akwatuna ne kawai. Na tsaya a gaban guda ɗaya na ɗan lokaci don in huta. Ina tsaye sai gajimare ya gifta, gefen akwatin da yake fari fat ya koma baƙi, wani gefen kuma ya ɓace gaba ɗaya, ciyawar waje ta bayyana a cikinsa kamar an zuba ruwa. Na matsa taku ɗaya, sai abin ya sake canzawa. Mun yi fiye da sa'a guda a rumfunan nan biyu, kuma na fito da fahimtar cewa abin da Judd yake nema daga mai kallo shi ne abin da bikin finafinan yake nema: ka zo da ƙafarka, ka tsaya, ka ba abu lokacinsa. Sauran abubuwan da baƙi ke rububi a kansu ba su kama ni haka ba. Shagon ƙarya mai ɗauke da sunan Prada, kamfanin kayan ƙawa na Italiya, da wasu masu fasaha biyu suka gina a bakin hanya a 2005, kusa da ƙauyen Valentine, wanda ƙofarsa ba ta buɗuwa, mun je mun tarar da layin masu ɗaukar hoto, muka juyo. Fitilun Marfa kuma, wato hasken da ake cewa yana bayyana yana ɓacewa a sararin da ke gabas da gari, mun je dandalin da aka gina don kallonsu mun ga wasu ɗige-ɗigen haske can nesa. Wasu ɗaliban kimiyya da suka yi bincike a 2004 sun danganta abin da suka gani da fitilun motocin da ke kan hanyar zuwa garin Presidio, kuma abin da na gani bai saɓa wa hakan ba.

Sai dai idon da aka koya wa nutsuwa ba ya tsayawa a kan allo kaɗai. A kwana na huɗu na fara lura da waɗanda ba sa cikin zauren. Mafi yawan mutanen Marfa 'yan asalin Meksiko ne, iyalai da suka yi zuriya bayan zuriya a wurin, tun kafin wani mai fasaha ya san da garin. Su ne suke dafa abincin da muke ci, suke gyara ɗakunan da baƙi ke kwana, amma kaɗan ne daga cikinsu na gani a kujerun Crowley. Gidajensu na asali na tubalin laka ne, irin namu, masu kaurin bango da ke riƙe sanyi da rana. A da ginin talaka ne. Da masu kuɗi daga manyan birane suka fara sha'awarsa suna saye suna gyarawa, sai darajarsa ta tashi, harajin gida ya bi ta, har ya zama wanda ya gaji gidan laka daga kakarsa yana biyan harajin da ya fi ƙarfinsa saboda abin da maƙwabcinsa baƙo ya saya. Abokina, wanda garinsu na laka ne tun daga masallaci har gidan sarki, ya daɗe yana shafa bangon wani gida da tafin hannunsa, yana nuna mini inda aka yi yaɓe da siminti a kan laka, yana cewa wannan kuskure ne, domin siminti yana hana bango numfashi, danshi ya taru a ciki ya cinye shi.

Garin ya yi suna a harkar fim ne tun 1955, lokacin da aka zo ɗaukar Giant, wanda Elizabeth Taylor da Rock Hudson da James Dean suka fito a ciki, kuma Dean ya rasu a haɗarin mota a watan Satumba na shekarar, kafin fim ɗin ya fito a 1956. Otal ɗin Paisano, inda 'yan wasan suka sauka, har yanzu yana cike da hotunansu. Wani ɓangare na labarin fim ɗin a kan wariyar da ake nuna wa 'yan asalin Meksiko a Teksas ne. Abin da ban sani ba sai da na je shi ne, a daidai lokacin da ake ɗaukar wannan labarin a wajen gari, a cikin gari yaran waɗannan mutanen suna zuwa makarantarsu daban, wadda ake kira Blackwell, a kudu da layin dogo. Daga 1909 har 1965 haka aka yi. Hatta maƙabartar garin shinge ne ya raba ta biyu.

Na bar nunin rana na tafi can ni kaɗai. Ginin asali na laka ne, ƙarami, an shafe shi da farin fenti, kuma tsofaffin ɗaliban makarantar ne suka haɗu suka hana a rushe shi. Wata dattijuwa da ta yi karatu a wurin ce ta buɗe mini. Ta nuna mini hotunan aji-aji, da tsofaffin tebura, da wani katako da ake dukan yara da shi. Sannan ta ba ni labarin abin da ya faru a 1954, ranar da aka sa yara suka rubuta a 'yan takardu cewa ba za su ƙara yin Sifaniyanci ba, aka zuba takardun a cikin wani ɗan akwati, aka fita da shi gindin sandar tuta, aka haƙa rami aka binne, kamar yadda ake binne mamaci, yara suna tsaye suna kallo. Harshen da suke magana da iyayensu mata da shi ke nan. A 2007 tsofaffin ɗaliban suka sake taruwa a harabar, suka yi bikin tono shi. Daga baya, a 2022, gwamnatin Amurka ta sa hannu a dokar da ta mai da makarantar wurin tarihi na ƙasa.

Ta tambaye ni daga ina nake, na ce Najeriya, ta ce wane harshe nake yi da mahaifiyata, na ce Hausa. Sai na samu kaina ina ba ta labarin da ban taɓa ba kowa a Amurka ba, cewa a makarantarmu ta kwana akwai ɗalibin da aikinsa shi ne rubuta sunan duk wanda aka ji ya yi Hausa, kuma ranar Asabar a kira sunaye a yi hukunci, ko a ci tara. Ba ɗaya ba ne da abin da aka yi musu, domin mu da mun fita ƙofar makaranta harshenmu ne yake mulkin kasuwa da fada da rediyo, kuma babu wanda ya ware mu saboda launin fata. Amma na san yadda yaro yake ji idan kalma ta zo bakinsa ya haɗiye ta don tsoro. Ta riƙe hannuna da hannayenta biyu ta ce: "Ɗana, faɗa mini wani abu da harshenku in ji." Na rasa abin da zan ce, sai na gaishe ta kamar yadda zan gai da kakata, na ce mata ina wuni, ina gajiya, yaya iyali. Ta sa na maimaita sau biyu, tana motsa leɓɓanta tana bi.

A daren ƙarshe an sake yin nuni a fili, kuma a wannan karon na ga iyalai 'yan gari da yawa, watakila don ba sai an shiga wani zaure ba, watakila don yara suna iya guje-guje a bayan taro ba mai tsawata musu. Wata mata ta zo da kwando tana sayar da wani abinci na garin masara da aka naɗe a ɓawon masara aka turara, mai kama da alalar ganye. Na tambaye ta ko akwai kitsen alade a ciki, domin a yankin da shi ake yawan yin girki, ta ce akwai, ta kuma ba ni haƙuri kamar ita ta yi mini laifi. Can an kusa raba fim sai ga ta ta dawo tana neman mu a cikin duhu, ta miƙo mana dafaffiyar masara guda biyu a cikin takarda, ta ƙi karɓar kuɗi. Muka ci muna kallo. Jirgin kaya ya zo wucewa ta tsakiyar gari, ƙararsa ta rufe maganar 'yan wasa na kusan minti uku, babu wanda ya tashi, babu wanda ya tsayar da fim ɗin, muka bi labarin da fuskokinsu har jirgin ya wuce.

Da asuba muka ɗaura kaya. Abokina ne ya karɓi tuƙi, ni kuma na kira mahaifiyata tun kafin mu kai Alpine, inda sabis ya dawo sosai. A Kano rana ta riga ta yi tsaka. Ta tambaye ni abin da ya kai ni wannan uwa duniya, na ce kallon fim, ta yi salati ta ce ashe har yanzu ban bar halin nan ba. Na ce mata akwai wata tsohuwa a can da ta ce in gaishe ta. Ta ce tana amsawa, ta kuma tambayi sunan garin, na faɗa mata sau biyu kafin ta kama.